Madubi a Bakin Rijiya

Ina 'yar shekara tara aka ba ni aikina na fari:
riƙon madubi.
Babana Makau, mai haƙar rijiya,
yana can gaba goma sha biyu cikin ƙasar Kiyawa,
inda azahar ma dare ce.
Muryarsa kaɗai ke hawowa, ta biyo igiyar guga:
"Talatu, aiko mini da rana!"

Rana kuwa ba ta san lungu ba.
Miƙaƙƙiyar hanya take bi, kamar zaren magini,
ba ta ratsewa don gaida kowa.
Sai in tare ta da madubin Inna,
wanda gefensa ya ɓalle tun ranar sunan ƙanena,
in ɗan sunkuyar da shi.
Ta daki fuskarsa, ta yi tsalle.
Yadda ta shigo a karkace, haka take fita a karkace,
ba daɗi, ba ragi,
ta faɗa rami.
Can ƙasa sai ga farin faifai a kan jan yumɓu,
ga bakin dagi yana ƙyalli,
ga gumi a ƙeyar Baba.

In ƙuda ya sauka mini a hanci, hannuna ya motsa,
hasken ya haye bango.
"Ke! Ƙadangare kika kai wa ranata?"
A nan na gane: faɗin gashi a sama,
kamu guda ne a ƙasa.

Ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo
aka cika kwatarniya da na farko, aka bari ya kwanta.
Baba ya tsoma sandarsa.
Na ce, "Wayyo, ta karye!"
Ya zaro ta, lafiyarta ƙalau, tana ɗiga.
Ya ce, "Ruwa ba ya karya sanda.
Haske ne, in zai fito daga ruwa zuwa iska, yake sauya tafiya,
kamar jakin da ya baro rairayi ya hau tsandauri.
Shi ya sa gindin tafki ke yi miki kamar kusa.
An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
A bakin ruwa dai, bai sani ba."

Daga baya, a makarantar kwana a Dutse,
wata malama ta zana kibiyoyi a allo,
ta raɗa wa kowace suna.
Na kwafa don jarrabawa.
Amma wuyan hannuna ya riga alli sani.

Yanzu ni ke koyar da yara.
Mukan rufe taga, mu bar huda ɗaya kamar ta ƙusa,
su ga dorowar bakin fili tsaye a kan kanta a jikin bango,
su yi ta ihu.
In ce musu haka duniya ke shiga idon kowa, a kife,
kwanya ce ke miƙar da ita tsaye.

Bara yana ta rufe idon Baba.
Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin ramuka,
ga shi ramin ya biyo shi har tsakar gida.
Yana jin rana a fatarsa,
ba mai aiko masa da ita.

Na sayar da tunkiya biyu, muka hau motar Kano.
Likita ya cire wani ɗan abu da ya daskare kamar koko,
ya saka wani, garai-garai,
bai kai ƙwayar masara ba,
aikinsa kawai ya tattara haske wuri ɗaya.

Da safe aka kwance auduga.
Na tsaya inda taga za ta haska fuskata.
Ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa.
Ya dubi furfurar da bai san na yi ba,
ya daɗe yana duba.
Sannan ya ɗaga tafin nan mai kanta, ya kare goshi:
"Talatu, rage mini ranar nan.
Ta yi yawa."